Gyaran kicin ɗin Mama kafin sayar da gida: abin da na gani a ƙarƙashin sinki

Bayan rasuwar Baba muka yanke shawarar sayar da gidanmu na Hotoro a raba gado, tunda kowa ya kama gabansa, Mama kuma ta koma wajen Yaya a Kaduna. Wata biyar gidan yana hannun dillalai. Mutane su zo su yaba falo, su yaba fili da rijiyar burtsatse, amma da an shiga kicin sai fuskar matan ta canza. Dillalinmu ne ya cire kunya ya ce, "Hajiya, namiji ke biyan kuɗi, amma mace ke sayen gida. Ku gyara kicin ɗin nan." Bai yi ƙarya ba. Bango ya yi baƙi da hayaƙin risho na shekara da shekaru, tayil ya farfashe ta bakin ƙofa, gara kuma ta cinye gindin kabad.

A Instagram na samu wata baiwar Allah mai gyara da ƙawata ɗakuna a nan Kano. Abin da ya fara kwantar min da hankali, ita da kanta ta hana ni kashe kuɗi. Na so a sa giranit, ta ce, "Anti, gidan da za ki sayar ba a yi masa wannan, mai saye ba zai biya ki ba." Fenti, sabon tayil, kabad, sinki da fitilu, shi ke nan. Tun da naira ta faɗi a 2023 kowa ya san yadda kayan gini suka koma, don haka na ji daɗin shawarar.

Wajen tsara wuri kam, Allah ya ba ta ido. Ta sa aka kwashe manyan tukwanen suna, turmi, robobi da tsofaffin kwanukan samira aka kai sito. Tukunya ɗaya tal ta bari a kan gas, sai faifai da lemo da tumatir a gefe. Ta cire labule mai kauri da ya tare taga, haske ya shigo har bangon ƙarshe. Ranar da na gani, tsayawa na yi a bakin ƙofa hawaye na zubo min. A nan Mama ta koya min tuƙa tuwo, ban taɓa sanin ɗakin yana da faɗi haka ba.

Da a ranar na rubuta wannan, yabo kawai za ku karanta.

Wata Asabar cikin Agusta dillali ya kawo wani Alhaji da matarsa, masu saye da gaske, don har an fara maganar lauya da takardu. Hajiyar ta shiga kicin tana murmushi, tana buɗe kabad ɗaya bayan ɗaya. Da ta durƙusa ta buɗe na ƙarƙashin sinki, wari ne ya fara dukanmu. Katakon ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, ta taɓa shi da yatsa ya lotsa. Na leƙa, sai ga mahaɗar bututu an naɗe ta da robar taya, ruwa na ɗiga ɗis, ɗis. Sati uku da gama aiki! Ba ta ce komai ba, ta rufe ƙofar a hankali, ta ce, "Allah ya sa alheri." Washegari suka aiko da tayin da Yaya ya ƙi ko saurara. Kuma ban ga laifinsu ba: wanda ya ga haka a sabon aiki, dole ya yi zargin abin da ke cikin bango.

Abin da ya fi ƙona min rai, a lissafin da mai gyaran ta turo min ta WhatsApp an rubuta katakon marin ne za a sa a wajen sinki, mai jure ruwa. Har kasuwar Ƙofar Ruwa na je na tambayi farashinsa kafin na tura kuɗi. MDF aka sa. Garin katako ne da aka matse da gam, da ya sha ruwa ya gama yawo, kowane kafinta ya san wannan. Da na kira ta, ta ɗora wa kafinta, kafinta ya ɗora wa mai famfo, mai famfo ya kashe waya. Sai bayan kwana huɗu ta zo, ta canza ƙasan kabad ɗin kaɗai, ni na nemo wani mai famfon na biya daga aljihuna.

Yanzu da nake tunawa, aikin da aka ce sati biyu sai da ya ci biyar. Ɗigon fenti a kan tayil ni da ƙanwata muka kankare da reza. Duk na yi shiru a lokacin saboda kyan wurin ya rufe min baki. Ta iya tsara ɗaki, wannan ba zan hana ta ba, amma ba ta tsayawa a kan ma'aikatanta, kuma da ni aka yi yarjejeniya, ba da su ba.

An sayar da gidan a Oktoba, ƙasa da abin da Alhajin farko ya fara tayawa. Matar sabon mai gidan har hoton kicin ta ɗauka ranar da suka zo dubawa. Cikon kuɗin katakon marin kuwa, sau uku ina tura wa mai gyaran saƙo, tana karantawa, har yau ba ta amsa ba.