Kwamfutar ta yi, amma maganar batirin har yanzu tana ci mini rai

Wata uku ke nan da na sayi HP EliteBook 840 G3 ta hannu, irin wadda ake kira tokumbo. Bukatata ba ta da yawa: in buga kundin kammala digirina, in yi lissafi a Excel, in leƙa intanet. Abokina ya ja mini kunne cewa kada RAM, wato ma'adanar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, ya gaza GB 8, kuma in tabbatar SSD ce a ciki, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, ba tsohon faifan nan mai gurnani ba. Haka kuwa na samu, injin Core i5 da SSD mai GB 256. Kafin in gama zuba shayi ta tashi.

Mai shagon har da dafa ƙirji: "Malam, batirin nan awa huɗu cur, ko an ɗauke wuta ba ruwanka." Wannan maganar ce ta sa na ƙara kuɗi a kan abin da na yi niyya.

A sati na biyu, da daddare ina tsakiyar babi na uku, aka ɗauke wuta. Na duba ƙasan allo, caji kashi 62. Ban ƙarasa layin da nake kai ba allon ya yi baƙi ƙirin. Shafi huɗu na rubuta a daren, ɗaya da rabi kawai ya dawo. Wallahi ranar ban runtsa ba, ga malamina yana jiran babin da safe.

Wani mai gyara ne ya nuna mini gaskiya. Ya buga umarnin duba batiri na powercfg /batteryreport, sai ga rahoto: sabon batirin kusan Wh 46 (ma'aunin yawan caji) yake ɗauka, nawa bai kai 15 ba. Na koma shagon, mutumin ko kallon kirki bai yi mini ba. "Ai a gabanka muka kunna, kayan hannu ba a dawo da su." Dole na sayi wani batirin da kuɗin aljihuna.

Tun daga nan ba ta ba ni matsala ba, madannanta ma akwai daɗin bugu, kuma da farko na ce zan iya tura ɗan'uwana ya sayi irinta. Sai kuma na gano injinta zubi na 6 ne, Windows 11 kuwa daga zubi na 8 take karɓa a hukumance, ga shi an daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Mai shagon ya san duk wannan, sana'arsa ce, ya yi shiru ya karɓi kuɗina. Ƙanena da ke shirin saye na ce masa ya nemi EliteBook 840 G5 mai injin zubi na 8, kuma ya ga rahoton batiri da idonsa kafin ya ciro ko sisi.