Tatoeba, ya, toka da tari: wanne ake ɗauka in za a ba da misali a Japananci?

Wata 'yar'uwa ta yi tambaya a zauren nan shekaranjiya. Ta ce an koya mata cewa "tatoeba" shi ne "misali" a Japananci, amma in ta saurari Japanawa suna hira, "toka" take ji yana ta yawo, in ta buɗe littafi kuma sai ta ga "ya" da "nado". Shin duk abu ɗaya ne? Malama, 'yan gida ɗaya ne, amma kowa da ɗakinsa.

Tatoeba (例えば) sallama ce kawai. A bakin jimla yake tsayawa ya sanar cewa ga misali nan tafe, daidai da "alal misali" ɗinmu. Ba ya jera komai da kansa, kuma ba ya zaɓen mutum: ki faɗa wa malaminki, ki faɗa wa ƙawarki, babu laifi. In kika ɗaga murya kika ce "Tatoeba?" ya zama tambaya, wato "Kamar me ke nan?"

Inda aikin yake shi ne wajen jerawa, kuma nan ne Bahaushe yakan yi tuntuɓe, domin "da" ɗinmu guda ɗaya ne, su kuwa sun raba. A ce kin dawo daga cefane.

Tomato to tamanegi o kaimashita. Na sayo tumatir da albasa. Da "to" kin rufe lissafi, abu biyun nan ne kaɗai a ledarki.

Tomato ya tamanegi nado o kaimashita. Na sayo tumatir da albasa da sauransu. "Ya" yana nuna cewa kin tsakuro ne daga cikin kayan, "nado" kuma shi ne "da sauransu" a ƙarshe. Ana iya barin nado, ma'anar tana nan.

Tomato toka tamanegi toka katta yo. Wannan shi ne "na sayo su tumatir, su albasa". Ni dai da na gane cewa toka ɗan'uwan wannan "su" ɗin namu ne, sai abin ya zauna mini daram. Yadda "su" ya fi daɗi a bakin mai hira fiye da a takardar ofis, haka toka yake: na hira ne tsakanin tsararraki. Na taɓa cusa shi har sau uku a wani rubutun aji, malamar ta bi su ɗaya bayan ɗaya da jan biro, ta mayar da su ya da nado, ba ta ce mini uffan ba. Tun ranar na kiyaye.

Akwai kuma wani bambanci da ya fi na ladabi muhimmanci. "Ya" ba ya haɗa komai sai sunaye. Toka kuwa yana ɗaukar sunaye, yana ɗaukar aikatau. Har abu ɗaya tak ana liƙa masa shi don a sassauta magana: "Koohii toka nomu?", wato "ko za ki sha ɗan kofi ko wani abu?" Matasa sun yawaita wannan har Japanawa suka raɗa masa suna "toka-ben", yaren toka, kuma manya da dama ba sa son jin sa.

To in ayyuka kike son kawowa misali, cikin ladabi, sai ki koma ga tari. Ki ɗauki siffar aikatau ta shuɗaɗɗen lokaci, ki ƙara mata "ri": shita ya zama shitari, yonda ya zama yondari. Nichiyoubi wa sentaku shitari, hon o yondari shimasu. Ran Lahadi nakan yi wanki, in ɗan yi karatu, da makamantansu. Ki lura da "shimasu" ɗin nan na ƙarshe. Shi ke ɗauke da lokaci da ladabin jimlar gaba ɗaya, kuma shi masu koyo suka fi mantawa, su bar magana a rataye.

Sai "kamar", inda misali guda yake wakiltar jinsinsa. Nan ma kishiyoyi biyu ne. Kyouto no you na furui machi ga suki desu: ina son tsofaffin birane kamar Kiyoto, birnin da ya zama fadar sarki a 794 ya kuma riƙe ta sama da shekara 1000. A hira sai a ce Kyouto mitai na furui machi. Ma'ana ɗaya, sai dai "you na" yana buƙatar "no" tsakaninsa da suna, "mitai na" kuwa kai tsaye yake manne wa suna. "Kyouto no mitai na" kuskure ne, kuma kusan kowa ya taɓa yin sa. A jarida da jawabi za ki ci karo da "to itta", shi ma "kamar" yake nufi, ki dai gane shi, ba sai kin yi amfani da shi yanzu ba.

Wanda zan ja kunnenki a kai shi ne "nanka". Yakan zo a gurbin nado a hira, amma sau da yawa da raini a cikinsa. Nattou nanka tabenai ba "ba na cin su natto" kawai yake nufi ba, ya fi kusa da "me zan yi da wani natto can". Natto waken soya ne da aka ruɓar, kamar daddawa. Kada ki faɗi haka a gidan da aka ajiye miki shi a kan shinkafar karin kumallo.

Da ni ce ke, da ya da nado zan fara riƙewa, tare da tari, don ba inda za su kunyata ki. Toka ki bar shi sai kin yi ƙawar da kuka daina yi wa juna "desu" da "masu", wato kalmomin ladabin da ake rufe jimla da su.