Filon harshen takalmi: wata huɗu yana cikin but ɗina, ga abin da ya gyara da abin da ya gagare shi

Takalmin but na fata da nake zuwa aiki da shi ban da ƙorafi a kansa sai guda ɗaya, kuma wannan ɗayan ya kusa sa in jingine shi. Da safe zan daidaita harshensa a tsakiya, in ja igiya in ɗaure tamau. Kafin in yi tafiyar minti 20 harshen ya sulale ya koma gefe, ya lafe ta ɓangaren ƙaramin yatsa kamar ana jan sa da hannu. Aikina haɗa wayoyin lantarki ne, wuni nake ina hawa tsani ina sauka. Da zarar harshen ya kauce, igiya sai ta zauna kai tsaye a kan safa, gindin ƙugiyoyin ƙarfen nan kuma ya riƙa gurzar min gaban idon sawu. In na cire takalmin da yamma sai in ga jan layi kwance a bayan ƙafata, wani lokaci har da ɗan bororo. Ga tsakuwa da ƙura suna samun ƙofar shiga. A wuni ɗaya nakan durƙusa sau biyar ko shida in gyara shi, in miƙe, ya sake komawa inda ya fito.

Na daɗe ina zaton laifin ɗaurina ne, sai na riƙa ƙara matse igiyar har yatsuna su yi sanyi. Sai da na zauna na dubi ƙafata da kyau sannan na gane abin. Doron ƙafar mutum ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Tudunsa yana ta ɓangaren babban yatsa, daga nan sai ya gangara zuwa ƙaramin yatsa. Harshen da aka ɗinke a gindi kawai, gefensa biyu a sake, yana zaune ne a kan gangare, kowane taku kuma yana ɗan tura shi ƙasa. Shi ya sa kusan kullum waje yake zamewa, da wuya ka ga ya yi ciki. Akwai but ɗin da ake haɗe harshensa da jikin takalmin ta gefe biyu da fata mai laushi, don hana ruwa da yashi shiga, irin wannan ba ya samun wurin gudu sosai. Nawa ba haka yake ba. Ramukan igiya huɗu ne a ƙasa, ƙugiya uku a sama, harshen kuma tun daga gindi har sama babu abin da ya riƙe shi.

Abin da na saya shi ne ɗan filon da ake mannawa a ƙarƙashin harshen takalmi. Biyu ne a fakiti, kowanne faɗinsa kamar yatsu uku, kaurinsa bai wuce milimita 3 ba. Fuskar da ke taɓa safa matsattsen ulu ce mai ɗan kaushi, ɗaya fuskar kuma gam ne da aka rufe da takarda. Dabarar da ke bayansa mai sauƙi ce: ya cike sararin da ke tsakanin doron ƙafa da harshe, domin igiya ta samu abin da za ta danne, kaushin ulun kuma ya kama safa. Yana kuma ɗan tura ƙafa baya, dunduniya ta zauna a mazauninta.

Mannawar farko ba ta yi ba, kuma a nan ne ƙorafina na farko yake. Umarnin da ke bayan fakitin layi biyu ne: ɓare takarda, manna. Haka na yi. Kwana biyu filon ya yi, a rana ta uku na ji wani dunƙule yana tokare min yatsu, na cire takalmi na tarar da shi ya nannaɗe ya gangara can gaba. Ba a faɗa a fakitin cewa cikin harshen but yawanci gefen fata ne mai gashi-gashi ba, kuma in fatar irin wadda aka shayar da mai ce, gam ɗin sitika ba ya kama ta. Ƙara da zafi da gumin ƙafa na awa tara, sai gam ɗin ya narke ya bar wani danƙo baƙi da sai da na kankare da farce. Wanda ya ƙera abin da zai zauna a cikin takalmin aiki ya san gumi zai same shi, ya kamata a ce gam ɗinsa ya fi haka ƙarfi.

Na sayi fakiti na biyu, na bi abin a hankali. Na zare igiyar gaba ɗaya, na lanƙwaso harshen waje, na goge cikinsa da tsumma da ɗan sifirit har sai da tsumman ya daina ɗaukar maiƙo, na bar shi ya bushe. Kafin in ɓare takardar, na sa filon a ciki haka nan, na zura ƙafa na tashi tsaye, ina matsar da shi sama da ƙasa har na samu inda ya zauna daidai kan tudun ƙafa. Wannan gwajin yana da muhimmanci ƙwarai. In ya yi ƙasa zai danne maka gindin yatsu, in ya yi sama ya faɗa daidai inda idon sawu ke lanƙwasa, kowane taku sai ya naɗe. Na yi alama da alli, na shafa gam ɗin takalmi siriri a fatar da kuma bayan filon, na jira har ya daina kama yatsa, sannan na haɗa na danne da ƙarfi. Na bar shi ya kwana. Tun ranar bai motsa ba.

A ƙafar dama, gaskiya ya yi aikinsa, har ya fi yadda na zata. A da in na ɗaure igiya, gefen takalmin biyu masu ramuka suna haɗuwa har su taɓa juna, ma'ana igiyar ta ƙure, ba sauran abin da za ta matse. Doron ƙafata ba shi da tudu sosai, takalmin kuma an yi shi ne don ƙafar da ta fi tawa cika. Da filon ya shiga, sai aka samu tazarar kamar yatsa guda tsakanin gefen biyu, igiya ta fara danne harshen da gaske. Na yi wuni cur a kan tsani ban durƙusa ko sau ɗaya don ƙafar dama ba. Wani amfanin da ban saye shi dominsa ba: dunduniyata ta daina ɗagawa a cikin takalmin in ina hawa, safata ma ta daina cinyewa ta baya. Ulun kuma yana tare cizon igiya a kan jijiyoyin da ke bin bayan ƙafa, waɗanda kake ganin sun taso in ka ɗaga yatsunka sama.

Ƙafar hagu kuwa ta ƙi. Filo iri ɗaya, gam iri ɗaya, wuri ɗaya, amma kafin rana ta take harshen ya koma gefe, ya tafi da filon gaba ɗaya, har ma abin ya fi da ciwo, domin yanzu dunƙulen ulu ne ke zaune a kan ƙashin gefen ƙafa. Na canza igiya daga zagayayyiyar nailan mai santsi zuwa mai faɗi da aka shafa wa kaki, wadda ba ta saurin sakin jiki. Na koyi murɗa igiyar sau biyu a junanta kafin in hau ƙugiya ta farko, don ƙasan ya riƙe matsinsa ko da saman ya saki. Duka biyun sun taimaka kaɗan, sun mai da minti 20 ya zama awa biyu, amma ba su kashe matsalar ba.

Sai na kai wa wani dattijo mai gyaran takalmi. Bai ko tambaye ni tarihin abin ba. Ya zare igiyar, ya ɗora takalmin a gwiwarsa, ya saki harshen ya bar shi ya kwanta yadda yake so. Harshen ya karkata hagu da kansa, ba ƙafa a ciki. Ya sa babban yatsansa a kan wata karaya da ta ratsa fatar a karkace tun daga gindi, ya ce, “Ka gani, ɗana? Tun yana sabo ya kwanta a haka, fatar ta riƙe.” Na ce, “Baba, to filon fa?” Ya ce filo cika wuri yake yi, ba ya miƙar da abin da ya riga ya tanƙware. Maganarsa ta zauna min, domin na tuna makon farko da na sayi takalmin, fatar tana da tauri, ina fama da zura ƙafa, ban taɓa tsayawa na daidaita harshen hagun ba. Fata kuwa inda ta fara karyewa nan take ci gaba da karyewa. Kowace safiya ina mai da harshen tsakiya, shi kuma yana komawa kan layin da ya saba.

Hanya uku ya shimfiɗa min. Ta farko, a tsaga harshen tsaga biyu a tsaye, kowace kamar santimita 1, a zura igiya ta ƙarƙashin fatar da ke tsakaninsu. Ya ce in za a yi haka dole a fara huda ɗan rami zagayayye a kowane ƙarshen tsagar, in ba haka ba jan igiya zai ci gaba da yaga fatar. Aibinta shi ne ka buɗe wa ruwa ƙofa, kuma abin da aka yanka ba ya komawa. Ta biyu, a ɗinke gefen harshen da jikin takalmin ta ɓangaren ciki, wato ɓangaren babban yatsa, tunda waje yake gudu. Wannan tana riƙewa sosai, sai dai bakin takalmin yana ƙara tsukewa, ni kuma dama da ƙyar ƙafata ke shiga. Ta uku ita na zaɓa: ya yanko 'yar siririyar fata ya ɗinka ta a kan harshen, kamar madaurin da ake zura bel a wando, igiyoyin biyu su ratsa ta ƙarƙashinta a inda suka gitta juna. Takalman wasanni da yawa suna zuwa da irinta tun daga kamfani, ban san me ya hana masu yin but na fata da yawa sa ta ba.

Yadda ya yi aikin ya burge ni. Bai auna a hannu ba. Ya sa na saka takalmin da safar da nake aiki da ita, na ɗaure, na tsaya da nauyina a kai, sannan ya ɗiga alama daidai inda igiya ke gittawa tsakanin rami na huɗu da ƙugiya ta farko. Ya ce in aka sa ta can ƙasa kusa da gindi ba ta da amfani, domin saman harshen ne ke yawo. Ya huda da basilla, ya ɗinka da zare mai kaki, ya kwantar da ƙullin ta waje a ƙarƙashin 'yar fatar don kada ya taɓa ƙafa. Daga nan ya ɗan jiƙa harshen da ruwa, ba sharkaf ba, ya ce in sa shi a tsakiya in yi yawo da shi har ya bushe a ƙafata, kada in kai shi kusa da wuta ko in shanya shi a rana, in ya bushe kuma in shafa masa man fata. Tsohuwar karayar ba ta ɓace ba, har yanzu ina ganin ta, amma wata sabuwa ta fito a miƙe, kuma a kanta harshen yake lanƙwasa yanzu.

Ga mai tunanin sayen filon nan, akwai gwajin da ba ya cin minti biyu. Ɗaure takalminka yadda ka saba, ka dubi gefen biyu masu ramuka. In sun haɗe ko sun kusa, kuma kana jin ƙafarka tana iyo a ciki, filon zai yi maka aiki, sai dai ka tanadi gam naka. In kuwa akwai tazara mai kyau kuma takalmin ya riga ya kama ka, kada ka saya, matsi kawai zai ƙara maka, musamman da yamma lokacin da ƙafa kan ɗan kumbura. Sannan ka zare igiya ka saki harshen. In ya karkata da kansa, ko karaya ce ko kuma tun daga kamfani aka ɗinka shi a karkace, wannan aikin allura da zare ne. Wanda sararin takalminsa ya fi ƙarfin milimita 3 kuma, akwai harshen ƙarya na fata da ake zurawa a igiya ta ramukan ƙasa ya kwanta a kan na asali, irin wanda masu saran itace a arewa maso yammacin Amurka suka daɗe suna sawa a dogayen but ɗinsu. Shi ba ruwansa da gam, kuma yana kare harshen daga cin igiya.

Abu na ƙarshe da zan faɗa a kan filon shi ne ulun yana kwanciya. Bayan wata huɗu na dama ya koma kusan rabin kaurinsa, tazarar yatsa gudan nan ta fara rufewa, kuma yana riƙe gumi, sai na riƙa zaro harshen waje da dare don ya sha iska. Na bar na hagun ma a ciki saboda dunduniya, 'yar fatar da dattijon ya ɗinka ce ke riƙe harshen. Makon gobe zan ɓare na daman in sa sabo, in kuma kai masa wannan ƙafar ita ma ya ɗinka mata tata.