Gwajin asalin kare: sakamako mai kyau, tarihi mai giɓi

Kwalin da kamfanin gwajin asalin karnuka ya aiko ɗan ƙarami ne, ɗauke da tsinke mai auduga a kai da ambulan na mayarwa. Ana goga audugar a cikin kumatun kare, a rufe, a aika, bayan 'yan makonni sakamakon gwajin DNA ya fito a manhajarsu. Wahalar da na sha ɗaya ce, wato shawo kan ɗan karen nawa ya buɗe baki, domin irinsu ba su cika son a ba su umarni ba.

Sakamakon ya nuna cewa yawancin jininsa na Pekingese ne, wani jinsin ƙananan karnuka, kuma ban yi mamaki ba, ganin shafaffiyar fuskarsa da gashin wuyan nan mai kama da gezar zaki. Bayanin lafiyar ma ya gamsar da ni, musamman gargaɗin cewa gajeren hanci yana sa su wahalar numfashi idan zafi ya tsananta.

Inda nake da ƙorafi shi ne shafin tarihi. Ya faɗi gaskiya cewa sunan ya samo asali daga Peking, tsohon rubutun Beijing, kuma an daɗe ana kiwon karnukan a fadar sarakunan Sin, inda ake saka mafi ƙanƙanta a cikin faffaɗan hannun riga. Amma da ya zo kan yadda suka isa Turai, sai ya ce kawai an kai su Ingila a ƙarni na 19, kamar wata tsaraba. A 1860 ne sojojin Birtaniya da Faransa suka wawashe tsohuwar fadar bazara ta Yuanmingyuan, sannan Birtaniya ta banka mata wuta. Daga cikin karnuka biyar da aka ɗauke, wani hafsa mai suna John Hart Dunne ya miƙa ɗaya ga Sarauniya Biktoriya, aka raɗa mata suna Looty, daga kalmar Turanci mai nufin ganima. Su kansu masu abin ba su ɓoye ba, don haka ban ga dalilin da kamfani zai ɓoye musu ba, alhali ya samu sararin ambaton cewa ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta yi wa jinsin rajista a 1906.

Wanda ke son sanin jinin karensa zai amfana da gwajin, amma labarin fadar sai ya nema a wani wuri.