Sharhi: adaftar SATA zuwa USB don gwada na'urar DVD da kwamfuta ta daina gani

Da zarar kwamfutar tebur ta daina ganin na'urar DVD da ke cikinta, sai a ce ta mutu, a nemi sabuwa. Sau da yawa kuwa lafiyarta ƙalau. Wannan adaftar da na yi aiki da ita raba gardama take yi: ka ciro na'urar, ka jona ta a wata kwamfutar ta USB, nan take ka san inda laifin yake.

Sai dai a kula wajen saye, domin iri biyu ce. Akwai 'yar siririyar waya mai jan 5V daga USB kaɗai, wadda aka yi don ƙananan hadis (hard disk) na laftof. Babbar na'urar DVD mai inci 5.25 kuwa sai da 12V take juya faifai. Ka jona ta da waccan, ko motsi ba za ta yi ba, ka jefar da kaya mai kyau a banza. Nemi mai zuwa da cajar bango ta 12V, ka kuma duba kwali ko tana karɓar na'urar faifai, don wasu adaftocin ba sa jin umarnin ATAPI da na'urorin faifai ke aiki da shi, hadis kawai suka sani.

Kashe kwamfutar, zare ta daga soket, cire wayoyi biyun da ke bayan na'urar: siririya mai fil 7 ta bayanai ce, faffaɗa mai fil 15 ta wuta. Ciro na'urar, jona ta da adaftar. Fara kunna wutar adaftar, sannan ka soka USB a wata kwamfutar.

Idan ta karanta faifai, to laifin na cikin kwamfutar. Sauya wayar SATA, wato siririyar mai fil 7, ita ce mafi araha kuma tana yawan kwancewa, sannan sauya kafar da ta shiga a madabod, babban allon kwamfutar. Wanda ya sa sabon SSD na M.2 (ma'ajiyar bayanai da ake sokawa a jikin madabod) kwanan nan ya duba littafin madabod ɗinsa, domin a wasu, sa M.2 na kashe kafar SATA ɗaya ko biyu. Shiga BIOS, shafin saitin madabod, da danna Del ko F2 yayin kunna kwamfutar, ka gani ko sunan na'urar DVD ya fito. In ya fito can amma Windows ta ƙi, buɗe Device Manager. Lambar kuskure 19 ko 39 a kan na'urar galibi ragowar manhajar buga faifai ce da aka goge. Maganinta goge UpperFilters da LowerFilters a rajista (Registry, ma'ajiyar saitin Windows), ƙarƙashin reshen da sunansa ya fara da 4D36E965, sai a sake kunnawa. A adana kwafin rajistar tukuna, wurin ba na ganganci ba ne.

In kuwa ta karanta CD ta ƙi DVD, idon da ke karanta faifai ne ya gaji, kowanne da haskensa daban. Tiren da ke ƙugi bai fito ba, robarsa ce ta saki. Soka miƙaƙƙen kilif a 'yar kafar gaba zai buɗe.

Aibin adaftar: wayarta gajera ce, kan wayar kuma ba ya kamawa da ƙarfi, ɗan taɓi kaɗan ya katse karatu, don haka ba zan buga faifai da ita ba. Ba ta kuma shiga siririyar na'urar ƙananan kwamfutocin ofis, mai fil 13, sai an ƙara wani ɗan mahaɗi.