Shafin Ask About Ireland: kyauta ne, amma sai ka san ƙauyen

'Yan'uwanmu na Jidda masu surukai 'yan ƙasar Ayalan (Ireland), in ana neman asalin kakannin yara, a fara da wannan shafi. Yana ɗauke da kundin Griffith, ƙiyasin harajin filaye da gidaje na 1847 zuwa 1864, kuma ko riyal ɗaya ba a biya. Babban madogara ne, tunda gobarar 1922 a ma'ajiyar takardun gwamnati ta Dublin, babban birnin ƙasar, ta cinye yawancin takardun ƙidayar 1821 zuwa 1851.

Za ka ga ɗan haya, mai ƙasa, faɗin gona, har da taswira. Sai dai mai riƙe da filin kaɗai aka rubuta, ba iyalinsa, ba shekarunsa. Ka sa sanannen sunan dangi kamar Murphy babu sunan ƙauye, dubbai za su fito maka. A gwada suna da "O'" a gabansa (kamar O'Brien) da kuma babu shi, domin magatakarda sun sha yar da shi.