Kwas ɗin Turancin kasuwanci da na biya a Gombe, ga yadda ta kaya

Tunda na saka hoton takardar rajista a sitatus mutane ke ta yi min magana, wai ya kwas ɗin yake, ya ci kuɗinsa ko a'a, to bari in amsa gaba ɗaya a nan kowa ya huta. Wurin dai kun san shi, benen nan na wajen Tumfure da suka cika mana makaranta da fosta farkon semista, kuɗin ma kun sani ba sai na faɗa ba. Ni ina aji uku a tattalin arziki, abokina da muka yi rajista tare shi kuma harkar gudanar da kasuwanci yake karanta.

Abin da ya kai ni shi ne hutun da ya wuce na zauna a ofishin kawuna da ke harkar hatsi a Tudun Hatsi, na ga yadda wani kamfani ya turo imel yana neman a ba shi farashin riɗi, aka rasa mai amsawa yadda ya kamata duk da akwai masu digiri a wurin. Turancinmu na jarrabawa ne gaskiya. Ka tambaye mu hauhawar farashi mu cika maka shafi huɗu, amma takardar neman kuɗi ko ta tuni ga wanda ya riƙe maka bashi sai ka ga an tsaya ana kallon juna. GST 111, darasin Turancin da muka yi a aji ɗaya, ba don wannan aka yi shi ba, ba laifinsa ba ne.

Wallahi makonnin farko na ji daɗin wurin nan fiye da yadda na zata, kuma duk saboda mace ɗaya ce, malamar da ta fara ɗaukarmu. Ta ce mana ta yi aiki da masu fitar da kaya waje kafin ta dawo gida, kuma ko ba ta faɗa ba za ka gane, don ba ta zuwa da littafi, tsofaffin takardun aiki take zuwa da su a jaka, inbois (takardar neman biyan kuɗin kaya) da kotashan (takardar faɗin farashi) da takardar odar kaya, duk ta goge sunayen kamfanonin da baƙar maka. Akwai wata Asabar da ba zan manta ba. Ta raba mu gida biyu, wasu su ne masu riɗi daga Gombe, wasu kuma masu saye daga Japan, ni aka ba ni aikin sakatare in rubuta abin da aka tattauna. Ta ce daga yanzu har a tashi duk wanda ya yi Hausa a teburin nan ciniki ya watse. Abokina shi ne shugaban masu riɗi, mutum mai baki, a aji shi ke yi mana firizenteshan kullum, ya gyara zama ya fara zuba Turanci, ya yabi riɗinsa ya ce babu datti babu danshi, ya faɗi farashin tan ɗaya a kan sharaɗin ciniki na FOB Legas kamar yadda ta rubuta masa a ƴar takarda. Wata ƴar ajinmu da ke ɓangaren masu saye, shiru-shiru ce ko magana ba ta cika yi ba, ta ce ta amince da farashin ba ragi ko sisi, amma a rubuta sharaɗin CIF Yokohama, wato tashar jirgin ruwansu ta Japan. Shi kuwa gogan jin ba a nemi ragi ba sai ya miƙe ya ce an gama, har mutanensa na tafi.

Malama ta bar su suka gama murna sannan ta ce, "Malam sakatare, karanta mana abin da aka amince." Na karanta. Ta juya wurin abokina ta ce, "To Alhaji mai riɗi, wa zai biya kuɗin jirgin ruwa daga tashar Apapa ta Legas zuwa Japan? Wa zai biya inshora?" Ajin ya yi tsit. Nan ta yi mana bayani cewa a FOB mai sayarwa ya kai kaya ya ɗora a jirgi a tashar da aka ambata, daga nan ya fita, amma a CIF shi zai biya dakon jirgi da inshora har tashar mai saye, wato abokina ya ɗauki wannan nauyin duka a kan tsohon farashi, ribar ta tafi har da uwar kuɗi. Ba ta tsaya nan ba, ta ce to a ɗauka jirgin ya tashi, a tsakiyar teku ruwa ya shiga kwantena riɗi ya lalace, asarar wa? Kowa ya ce ta mai sayarwa mana tunda shi ya biya dako. Ta ce a'a, ko a CIF ɗin ma da zarar kaya sun hau jirgi haɗarin ya koma kan mai saye, shi zai bi kamfanin inshora. Ta rubuta a allo cewa waɗannan ƙa'idojin su ake kira Incoterms, ƙungiyar ƴan kasuwa ta duniya ICC mai hedikwata a Faris ce ke fitar da su tun 1936, na yanzu shi ne na 2020 kuma guda 11 ne, ta ce mu je mu haddace su kamar yadda muke haddace fomula. Daga nan ta gangaro gida, rajista da hukumar NEPC mai bunƙasa fitar da kaya waje, fom ɗin NXP da ake cikewa ta banki in za ka fitar da kaya, da Form M in shigowa da su za ka yi. Kai, ranar har aka kira la'asar ba wanda ya motsa, abokina kuwa har yau Alhaji mai riɗi ake kiransa a hostel.

Imel ma haka ta yi mana. Ta sa kowa ya rubuta wa kwastoman da ya makara da biya, ta bi da jan biro tana soke gaisuwar nan tamu mai sahu uku, ya iyali ya aiki da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, ta ce layin farko ka faɗi abin da kake so, lambar inbois, nawa ne, yaushe za a biya, wanda zai karanta yana da imel ɗari a gabansa. Wani ya ce Malama ai rashin ladabi ne, ta ce ladabin shi ne kada ka ɓata masa lokaci. Ni dai ban gama yarda da ita a nan ba, in Alhajin Dawanau kake rubuta wa ka tsallake gaisuwa to ka tsallake cinikin ma, amma na gane inda ta dosa.

Da a nan aka tsaya da na ce kowa ya je ya biya ido rufe. To amma ba a nan gizo ke saƙar ba, kuma yanzu da nake rubutawa ma raina sake ɓaci yake. Muna tsakiyar kwas kawai muka zo wata rana babu Malama, aka ce ta yi tafiya, mako ya zagayo aka ce ba ta jin daɗi, daga baya aka daina ce mana komai, sai ga wani saurayi da laftof. Bawan Allah ba shi da mugun hali amma karanta mana silayid yake yi kamar mai sanarwar rasuwa a rediyo, kai a ƙasa, in ka yi tambaya ya ce za mu zo wurin, kuma ba a taɓa zuwa ba. Handawut ɗin da ya raba fotokwafi ne na wani littafin waje, wani wurin ma bai fito ba, duk misalan a fam na Ingila, yadda za ka kama ɗakin otal a Landan da yadda za ka yi hirar yanayi da baƙo kafin mitin. Haba jama'a, ni da nake so in iya rubuta wa banki takardar neman bashin jari, me ya haɗa ni da ruwan saman Landan? Darasin saurare kuma da waya ake kunna mana, sifikar ta fashe, ga janareton mai shagon ƙasa yana ruri, ba ka jin komai sai gunji.

A fosta fa sun rubuta ƙuru-ƙuru za a yi mana gwajin intabiyu ɗaya bayan ɗaya a gyara wa kowa CV ɗinsa, wannan ma na cikin abin da ya ja ni. Ranar da aka sa, sai aka turo mana wani bidiyon YouTube a guruf ɗin WhatsApp aka ce mu kalla a gida. Shi ke nan intabiyun. CV kuwa na tura nawa, alamar an karanta ta fito shuɗiya, har yau ko ɗigo ba a gyara ba. Ga kuɗin keke daga makaranta zuwa can duk ƙarshen mako, da muka roƙa a ɗaga darasi saboda tes ɗinmu na ƙididdiga aka ce jadawali ba ya canzuwa, amma su sun soke aji ba sau ɗaya ba, sai ka iso ka tarar da kwaɗo a ƙofa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne satifiket. Da muka gama aka ce sai an ƙara wani kuɗi na bugawa, abin da ba wanda ya ambata ranar rajista. Muka haɗu muka je wurin manajan, wata daga cikinmu ta ce, "Yallaɓai, don Allah a nuna mana inda aka rubuta wannan a takardar da muka sa wa hannu." Ya ɗauki takardar ya juya gaba ya juya baya, ya ce ai kowa ya san haka ake yi a ko'ina. Wasu sun biya don su rabu da magana, ni ban biya ba, abokina ya biya kuma shi ma bai karɓa ba, wai mai bugawa ya tafi Kano.

Masu cewa za su shiga zagaye na gaba, ku fara tambaya wa zai koyar, ku ce a nuna muku shi ido da ido, kuma a rubuta muku a rasit cewa kuɗin ya haɗa da satifiket da gwajin intabiyu. In an ce muku Malama ta dawo ku sanar da ni, don akwai darasin takardar lamunin banki da ta ce za ta yi mana ba ta kai ga yi ba, shi kaɗai zan iya sake biyan kuɗin keke saboda shi.